Me ya sa ake rage wa motocin Indy 500 fiffike, alhali sun fi kowa gudu?

Tambaya: Na saba kallon Formula 1, inda motoci ke ɗauke da manya-manyan fukafukai gaba da baya. Da na kalli Indy 500 sai na ga fiffiken bayan motocin ɗan siriri ne a kwance, kamar ba ya aikin komai, ga shi kuma suna gudun da ya haura kilomita 370 a awa dab da katanga. Har na ji mai sharhi na cewa an ƙara rage shi ranar gwajin neman gurbi. Ashe ba ƙara fiffike ne zai sa mota ta fi kama ƙasa, ta kuma fi aminci ba? Me injiniyoyin ke dubawa kafin su yanke shawara?

Amsa: Malam, daidai ka gani, kuma daidai ka ji. Fiffiken ƙarami ne, da gangan kuma aka ƙanƙantar da shi. A fili mai siffar ƙwai irin na Indianapolis a Amurka, inda ake yin Indy 500, injiniya ba ya neman fiffiken da zai fi danne mota a ƙasa. Abin da yake nema shi ne mafi ƙarancin fiffiken da zai bar direbansa ya sha kowace kwana ƙafarsa na kan totur bai ɗaga ba. In ya wuce haka ya zubar da gudu a banza, in ya gaza haka katanga na jira. Da wannan iyakar na zama wuri guda, da tuni an rubuta lambarta kowa ya huta. To ba ta zama. Zafin rana na motsa ta, iska na motsa ta, tsufan taya na motsa ta, motar da ke gabanka ma na motsa ta. Shi ya sa ake shafe kwanaki ana gwaji a watan Mayu, watan da ake tseren, ana jayayya a kan rabin digiri.

Fiffiken mota na jirgin sama ne aka kifa. Na jirgi yana ɗaga shi, na mota yana danna ta, tayoyi su ƙara cizon kwalta ba tare da an ɗora mata nauyin ƙarfe ba. Wannan ita ce danniya. Sai dai ba ta zuwa ita kaɗai: duk fiffiken da ya karkatar da iska, iskar sai ta riƙe shi ta baya, wato turjiya. In ka ninka gudu biyu, danniya da turjiya duk huɗu suke ninkuwa, ƙarfin injin da ake bukata don keta turjiyar kuwa sau takwas. Juya lissafin ka ga inda ya dosa. Mota mai gudun mil 230 a awa, kimanin kilomita 370, in aka rage mata turjiya da kashi 1 cikin 100, za ta samu ƙarin kusan kashi uku cikin huɗu na mil a awa. Za ka ce ai wannan ba komai ba ne. A gwajin neman gurbi na 2023, wato gwajin da ke nuna inda kowa zai tashi ranar tsere, Alex Palou ya ɗauki gurbin farko da mil 234.217 a awa, Rinus VeeKay ya zo na biyu da 234.211. Tafiyar mil 10 suka yi, abin da ya raba su bai wuce kashi 4 cikin 1,000 na sakan ba.

Motar Formula 1 tana taka birki sau da yawa a zagaye guda, don haka abin da babban fiffike ya ci mata a miƙaƙƙiyar hanya tana fanshe shi wajen birki da shan kwana. Indianapolis ba haka take ba. Zagayenta mil biyu da rabi ne, kilomita 4 da ɗan ɗoriya, da dogayen miƙaƙƙu biyu, gajeru biyu, sai kwana a kowace kusurwa, duk zuwa hagu, kowace rubu'in mil, an karkata kwaltarta digiri 9 da 'yan kai. Direban da ke shi kaɗai a hanya ba ya taɓa birki. Zagaye ɗaya sakan 39 ne ko ƙasa da haka, kuma tun daga farkonsa har ƙarshe injin na kokawa da turjiya. Amma kwanar ma ba ta wasa ba ce. Ko da direba ya faɗaɗa ta, ya shigo daga jikin katanga, ya sauka ƙasa, ya sake fita jikin katanga, ƙarfin da ke fizgar motar zuwa dama yana kaiwa ninki uku na nauyinta. Roba kaɗai ba za ta riƙe wannan ba. Danniya dole ce, magana dai ita ce nawa, kuma daga ina.

Tarihin filin ya nuna fuskokin abin biyu. A 1962 Smokey Yunick ya ɗora wani ƙaton fiffike a saman motar Jim Rathmann. Motar ta sha kwana da gudun da ba a saba gani ba, amma turjiyar ta yi yawa har lokacin zagayenta ya ƙara tsawo, hukumar USAC, mai kula da tseren a lokacin, kuma ta hana shi. Shekara goma bayan nan, a 1972, aka halasta ɗaura fiffike, sai Bobby Unser ya ɗauki gurbin farko da mil 195.940 a awa a motar Eagle, alhali shekarar da ta gabata Peter Revson da 178.696 ya ɗauke shi. Ƙarin mil 17 a shekara ɗaya. Cikin abubuwan da suka sauya tsakanin 1962 da 1972 har da inji: zuwa 1972 injinan Offenhauser masu tarbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, suna da ƙarfin da za su iya jan fiffiken. Yawan fiffiken da ya dace da mota ya dogara ne da ƙarfin injin da ke bayanta.

Yanzu ga inda danniyar ke fitowa, don nan ne masu kallo suka fi ruɗewa. Akwai wadda ba ta jawo turjiya ko kaɗan, wato wadda karkatar kwalta ke bayarwa. Idan hanya ta karkata zuwa cikin kwana, wani kaso na ƙarfin da ke fizgar motar waje yana komawa ya danna ta cikin kwaltar. A Indianapolis wannan ya kai kusan rabin nauyin motar. A fili mai karkatar digiri 24, kamar yadda filin Texas yake kafin a gyara shi a 2017, ya zarce nauyin motar gaba ɗaya. Don haka ba a ɗaukar saitin wani fili a kai wani, ko da tsawonsu ɗaya.

Sai ta ƙasan motar. An sassaƙa cikinta da dogayen ramuka biyu, matsattsu daga gaba, masu buɗewa ta baya. Iska na ratsa su da sauri, matsinta ya faɗi, motar ta tsotsu zuwa ƙasa. Chaparral 2K ta Jim Hall, wadda John Barnard ya zana, ta zo da wannan dabara Indianapolis a 1979, Johnny Rutherford kuma ya ci tseren 1980 da ita. Danniyar ciki ba ta jawo turjiya sosai, shi ya sa a motar kamfanin Dallara da kowa ke tuƙawa yau, musamman tun kayan jikin da aka kawo a 2018, ita ke ɗauke da kaso mafi tsoka. Aibinta tsirfa. Tazarar da ke tsakanin cikin motar da kwalta ita ce komai, milimita kaɗan sama ko ƙasa na sauya yawan danniyar da kuma inda ta faɗa. Ga shi danniyar kanta tana matse sifirin, motar ta sauka yayin da gudu ke ƙaruwa. Saboda haka yawancin abin da ake kira aikin iska, in ka bi diddigi, aikin sifirin ne da shakazoba.

Fiffike ne na ƙarshe, shi ne kuma ya fi jawo turjiya, amma shi ne ya fi sauƙin murɗawa. A Indianapolis na baya falle ɗaya ne tal. Ranar gwajin gurbi ana ɗaga hancinsa sama har kusurwarsa ta faɗa ƙasa da sifili da digiri da dama. Wasu na ɗauka a nan ya daina danna motar ke nan. Bai daina ba. Jikinsa a lanƙwashe yake, iskar da ke iso shi kuma tana gangarowa ne daga kan murfin inji, don haka ko an ɗaga hancinsa tana dukan sa ta inda zai yi aiki. Yana kuma taimakawa wajen zuƙo iskar da ke fitowa daga ramukan ciki. Wanda ya rage shi ya rage na cikin ma, ko ya sani ko bai sani ba.

A bakin fiffiken ta baya akwai wani ɗan siririn ƙarfe a tsaye, wani lokaci tsayinsa bai fi 'yan milimita ba, a garejin IndyCar, gasar da Indy 500 ke cikinta, wika ake ce masa. Dan Gurney, mai ƙera motocin Eagle, ne ya fara ɗaura shi a 1971, lokacin da Bobby Unser ke gwada sabuwar Eagle a Phoenix. Da Unser ya fita da shi lokacinsa bai gyaru ba, Gurney ya ɗauka dabarar ba ta ci ba. Ashe bayan motar ne ya samu danniya mai yawa har gaban ya ƙi shan kwana. Sai da aka ƙara wa gaban nasa rabon sannan gudun ya fito. Riƙe wannan labarin, don yawan danniya daban, rabonta tsakanin gaba da baya daban, kuma na biyun ne ya fi kai mutane katanga.

Mu zo ranar gwajin gurbi. Zagaye huɗu ake yi a jere, a ɗauki matsakaicinsu. Mota ita kaɗai ce a hanya, iska ba wanda ya dagula ta, taya sabuwa, mai kaɗan a tanki, kuma a 'yan shekarun nan ana ɗaga matsin tarbo daga 1.3 zuwa 1.5 a ma'aunin matsi na bar. Ana toshe wani ɓangare na ramukan sanyaya inji, tunda mil 10 kawai zai yi, a cire duk wikar da za a iya cirewa, a kwantar da fiffike. Har zuwa wani wuri, duk digirin da ka rage gudu ne ka samu. Daga nan sai abin ya juye. Idan danniya ta yi kaɗan taya ba ta kamawa sosai, sai ta riƙa gogar kwalta a karkace, direba ya ƙara murɗa sitiyari, kuma duk ƙarin murɗin sitiyari birki ne a ɓoye. Motar za ta iso bakin kwana da gudun da ya haura mil 240, amma ta fito a gajiye, ta shiga miƙaƙƙiyar hanya da ƙasa da abin da mai ɗan ƙarin fiffike ya shiga da shi. Gogar kuma tana dafa robar. Zagayen farko ya yi kyau har 'yan kallo su tashi tsaye, na huɗu ya zube. In kana kallon gwajin nan gaba, bar kallon lambar farko, dubi tazarar da ke tsakaninta da ta huɗu. Wanda lambobinsa huɗu suka yi kusa da juna ya dace da saiti. Wanda ya zubar da mil biyu ko uku tsakanin farko da ƙarshe ya rage fiffike fiye da abin da tayarsa za ta ɗauka.

Zubar da gudu shi ne mai sauƙin. A 2017 Sébastien Bourdais ya yi zagaye biyu sama da mil 231 a awa, ya fi kowa a ranar. A na uku, a kwana ta biyu, bayan motar ya kwashe, ya murɗa dama don ya tare, tayoyin suka kama farat ɗaya, motar ta miƙe ta daki katanga, ya karye a ƙugu. A irin wannan fili babu fegin da za ka gyara kuskure a ciki, hannun da za ka murɗa don tare zamewar shi ne hannun da katangar take.

Sai yanayi, wanda ba ya hannun kowa. Iska mai zafi ba ta da kauri. Daga digiri 15 zuwa 32 a ma'aunin Salshiyas kaurinta na raguwa da kusan kashi 6 cikin 100, danniya ta ragu daidai da haka. Turjiya ma ta ragu, wato motar ta iso kwana da ƙarin gudu da ƙarancin riƙo, ga kwalta ta yi zafi roba na santsi. Fiffiken da ya yi daidai da safe ya yi kaɗan da azahar. Wannan ne ya sa sa'ar ƙarshe ta gwaji, in inuwar rumfunan 'yan kallo ta sauka kan hanya, ta daɗe da suna wajen fitar da manyan lambobi. Kaɗawar iska ta fi wannan ma sharri, don fiffike bai san gudun mota a kan kwalta ba, gudun iskar da ke dukan sa kawai ya sani. Mota na mil 230, iska mai mil 10 na busowa ta gaba, danniya ta ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100. In ta baya take busowa ta ragu da kusan haka. A Indianapolis miƙaƙƙiyar gaba kudu ta nufa, ta baya kuma arewa, don haka iskar kudu tana tarar ka ta gaba in za ka shiga kwana ta ɗaya, tana tura ka ta baya in za ka shiga ta uku. Fiffike ɗaya, mota biyu a zagaye guda. Injiniya yana yin saiti ne don kwanar da ta fi muni, direbobi kuma na satar kallon tutar iska da ke saman hasumiyar lambobi suna wucewa. Har giya abin ya shafa: giyoyin sama ana jera su kusa da juna, don injin da aka kayyade wa juyi 12,000 a minti ya samu wadda zai ja da ita gaban iska da wadda zai ja bayanta. Ka sauya fiffike ba ka sauya giya ba, aikin bai cika ba.

Ranar tsere lissafin ya sake. Motoci 33, zagaye 200, tanki cike da kusan lita 70, taya za ta yi zagaye talatin ko kusa da haka. Babban bambancin shi ne ba kai kaɗai ba ne. Duk wanda ya taɓa bin bayan tirela a kan babur ya san abu biyun da ke faruwa: iska ta daina dukan ƙirjinka har ka ji ana jan ka, amma kuma kan babur ɗin na rawa. Haka motar da ke bin wata take. A miƙaƙƙiya riba ce, turjiya ta ragu, tana matsowa ba tare da ƙarin ƙarfi ba, tana kuma shan mai kaɗan. A kwana asara ce, don iskar da ta gaba ta bari a hargitse take, kuma fiffiken gaba ne ke fara shiga cikinta. Gaban motar ya yi sako-sako, ta ƙi juyawa, ta nufi katanga, dole direba ya ɗaga ƙafa. Ya ɗaga, tazara ta buɗe, jan da yake sa rai a miƙaƙƙiya ya kuɓuce.

To a ƙara fiffike mana. An ƙara, yanzu yana iya manne wa na gaba a cikin kwana. Ya fito, ya matso, ya kauce gefe zai wuce, sai ya faɗa cikin cikakkiyar iska da babban fiffikensa, motar ta tsaya daidai tayar bayan abokin hamayya har kwana ta gaba ta iso. Gaba kura, baya sayaki. Babu lambar da ta warware wannan ga kowa. Wanda zai tashi daga sahun gaba yana iya ɗan ragewa, tunda mota ɗaya ko biyu zai fi gani a gabansa. Wanda zai tashi na 25 yana cikin iskar da motoci ashirin da huɗu suka dagula, in bai ɗauki ƙarin danniya ba ba zai ma iso gaban ba. Mai hankali yakan fara da ƙari, ya riƙa ragewa a kowace tsayawa yana matsowa gaba, har a tsayawar ƙarshe a bar masa motar da za ta iya wuce mutum ɗaya a zagayen ƙarshe. A 2024 Pato O'Ward ya wuce Josef Newgarden da shigar zagayen ƙarshe, Newgarden ya sake wuce shi ta waje a kwana ta uku. Wucewa irin wannan sai motar da ke da saurin isowa gefen abokin hamayya a miƙaƙƙiya, ga kuma riƙon zama a layin sama in an shiga kwana.

Wani abu kan lambobin kwanakin gwaji, tunda suna yaudarar mutane: wanda ya fi kowa gudu a allo sau da yawa jan wata mota ya samu. Akwai jeri na daban na zagayen da aka yi babu kowa a gaba, shi ne ke nuna wa zai yi abin kirki ranar neman gurbi.

Na ce rabo ya fi yawa muhimmanci. Injiniyoyi suna auna kaso nawa na danniya ke kan tayoyin gaba, kuma sauyin da bai kai kashi 1 cikin 100 ba direba na jin sa a hannu. Kaso ya yi baya, mota ta ƙi shan kwana, tana cin tayar gaba ta dama. A hankali take, amma tana gargaɗi. Kaso ya yi gaba, bayanta ke kwashewa. Ta fi sauri, amma ba ta sallama. Doka ta hana direba taɓa fiffike yana tafiya. Abin da ke hannunsa shi ne sandunan hana mota kwanciya, na gaba da na baya, da wata 'yar na'ura da ke tura sifirin tayar baya ta dama don ta sauya yadda nauyi ke rabuwa a tayoyi. Da su yake bin motar yayin da mai ke raguwa, taya ke tsufa, yana shiga cunkoso yana fita. In sun ƙare masa sai ya faɗa ta rediyo, a tsayawa ta gaba makanike ya murɗa fiffiken gaba, juyi ɗaya ko rabi, cikin 'yan sakan ɗin da ake sauya taya ana zuba mai. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙara wa gaba don direba na kuka yana cikin cunkoso, sai ya samu kansa a gaban kowa cikin iska mai tsabta, gaban ya kama fiye da kima, bayan ya tafi.

Duk wannan maganar manyan filaye ce. A gajeru irin su Iowa, wadda ba ta kai mil ɗaya ba, ko Milwaukee mai mil ɗaya da kwalta kusan a shimfiɗe, ko Gateway da kwanarta ta ɗaya ta fi ta ukun matsewa, ana ɗaura manyan fukafukai masu falle fiye da ɗaya, irin na hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe. Miƙaƙƙun gajeru ne, yawancin zagayen a cikin kwana ake yin sa, direba na ɗaga ƙafa har ya taɓa birki, don haka kusan kullum ƙungiyoyi na ɗaukar duk danniyar da doka ta bari. A can hukuma ce ke yin ainihin zaɓin.

Saura tambayarka ta aminci, kuma a nan zan saɓa maka kai tsaye. Ga mota ɗaya ita kaɗai, ƙarin danniya na rage yiwuwar zamewa. Ga tsere gaba ɗaya, sau da yawa akasin haka ne. Danniya na ɗaga gudun cikin kwana, kuma a kwana ake dukan katanga. A Afrilun 2001 gasar CART, ta motoci irin waɗannan, ta je Texas, fili mai mil ɗaya da rabi. Karkatar digiri 24 ta haɗu da fiffike da inji mai ƙarfi, Paul Tracy ya yi mil 236.678 a awa a gwaji. Motocin sun riƙe, jikin mutane ne bai riƙe ba: direbobi 21 cikin 25 suka yi kukan jiri, aka soke tseren sa'o'i biyu kafin a fara. Shekara goma bayan haka, ranar 16 ga Oktoba 2011 a Las Vegas, riƙon ya yi yawa har kowa na iya taka totur ƙasa a kowane layi. Babu mai ɗaga ƙafa, babu mai tsere wa wani, motoci 34 suka dunƙule wuri ɗaya. A zagaye na 11 guda 15 suka yi karo, Dan Wheldon ya rasu. Motar da aka fara amfani da ita a 2012, DW12, sunansa take ɗauke da shi.

Hukumomi sun gwada hanyoyi daban-daban. A 1998 CART ta kawo na'urar Handford a Michigan da Fontana, wani faranti da aka rataya a bayan fiffike don ya ƙara turjiya ya rage danniya. Ya buɗe ƙaton rami a iska, aka yi ta wuce juna ba ƙaƙƙautawa, amma bai hana Gil de Ferran yin mil 241.428 a awa a Fontana ta Kalifoniya a 2000 ba, da inji mai kusan doki 900. A 2015 aka bar Chevrolet da Honda kowa ya ƙera kayan jikinsa. A gwajin Indianapolis na shekarar motocin Hélio Castroneves da Josef Newgarden da Ed Carpenter suka juya baya suka tashi sama, don abin da ke danna mota in tana gaba yana iya ɗaga ta in ta juya. Ranar neman gurbi hukumar ta cire ƙarin matsin tarbo, ta ce kowa ya yi gwaji da kayan da zai yi tsere da su, Scott Dixon ya ɗauki gurbin farko da 226.760, alhali a 2014 Carpenter da 231.067 ya ɗauke shi. A watan Yunin shekarar kuma aka yi tseren Fontana da jagoranci ya sauya hannu sau 80. 'Yan kallo sun ji daɗi, manyan direbobi irin su Will Power da Juan Pablo Montoya kuwa suka fito suna faɗa.

Ni ina tare da Rick Mears, wanda ya ci Indy 500 sau huɗu, ya kuma daɗe yana cewa a ƙara ƙarfin inji a rage danniya, don dole direba ya ɗaga ƙafa, gwani ya bambanta da wanda bai kai shi ba, motoci su warwatsu. Amma wannan ma yana da nasa kuɗin. Tseren 2018, na farko da sababbin kayan jiki masu ƙaramin fiffike, ya faɗo a rana mai zafin digiri 33. Castroneves da Tony Kanaan da Bourdais da Danica Patrick duk suka zame su kaɗai, ba wanda ya taɓa su, sauyin jagoranci kuma ya tsaya a 30, alhali a 2013 ya kai 68. Tun daga lokacin IndyCar take ƙara wa ƙungiyoyi ƙananan kayan zaɓi, yawancinsu a ƙasan motar da fiffiken gaba, don a iya bin juna kusa ba tare da an koma dunƙulewar Las Vegas ba. A 2023 sauyin jagorancin ya koma 52. Nauyi ma na ta ƙaruwa: gilashin kare kan direba a 2020 ya ɗora shi a gaba, na'urar lantarki da aka haɗa da inji a tsakiyar 2024 ta ɗora kusan kilo 45 a baya. Mota mai nauyi tana neman ƙarin danniya kafin ta sha kwana da gudun da ta saba, tana kuma cin taya da wuri. Gurbin farko na 2024 Scott McLaughlin ya ɗauke shi da 234.220, na 2025 kuwa, shekarar farko da na'urar lantarkin a Indy 500, Robert Shwartzman da 232.790 ya ɗauka.